KIWON LAFIYA: Idan Kacalla Ta Toshe Mararrabar Zuciya

Duk wanda ya tashi a Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ko kuwa ya saba bin hanyar da ta taso daga Nguru ta nufi Gashuwa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da toshewar hanyar ruwa ke jawowa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma ƙara da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya bar tsohuwar al'adarsa ta cika da damina da janyewa da rani, ya koma tafiya a hankali duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacalla wurin zama. A inda kogin ya rarrabu a gabashin Haɗeja, yashi da kacalla suka cushe bakin wasu rassa, ruwa ya tattaru ya bi ta Marma ya malale gonaki a wajen Nguru, su kuwa mutanen da ke ƙarƙashin rassan da suka toshe suka zauna suna jiran ruwan da ba zai zo ba.

To, a cikin ƙirjin kowane ɗan Adam akwai irin wannan mararraba, kuma ita ma tana toshewa. Yadda likitoci ke buɗe ta, da abin da wannan aiki ke nufi ga mutumin da ke zaune nesa da manyan asibitoci, shi ne abin da filin nan zai duba a wannan mako.

Zuciya tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kamar sau 100,000 a kowace rana. Ko da yake cike take da jini, ba ta ci daga wanda ke cikinta. Abincinta yana zuwa ne ta wasu jijiyoyi biyu da suka kwanta a bayanta, ta dama da ta hagu. Ta hagun ita ce uwa. Gajeruwa ce ƙwarai, sau da yawa tsawonta bai fi santimita ɗaya ko biyu ba, sa'an nan ta rabu biyu: reshe ɗaya ya gangara ta gaban zuciya, ɗayan ya zagaya ta gefe. A jikin yawancin mutane wannan ɗan guntun kututture shi ke ciyar da kamar kashi uku cikin huɗu na ɗakin zuciya na hagu, watau ɗakin da ke tura jini zuwa ga jiki duka. Saboda haka toshewarsa ba abin wasa ba ce.

Abin da ke toshe jijiya shi ne maiƙo da ke taruwa a cikin bangonta shekara da shekaru, har ya yi tauri kamar dutse. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba da yawan kitse a jini su ne manyan masu hanzarta shi. Abin lura kuwa, wannan maiƙo ya fi son mararraba, kuma dalilinsa ɗaya ne da na kogi. A kan tsinin da ya raba rassan biyu jini yana wucewa da ƙarfi, ba abin da ke samun zama. Amma a gefen waje, inda jinin ke rage gudu yana kewaye, nan dattin ke kwanciya, kamar yadda yashi ke taruwa a lungun da ruwa ya yi sanyi. Daga cikin dukan ayyukan buɗe jijiyar zuciya da ake yi a duniya, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a mararraba suke. A uwar jijiya ta hagu kuwa, mafi yawan toshewar a daidai wurin rabuwar take.

YADDA AKA FARO

A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har zuwa zuciyarsa, ya ɗauki hoto don ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 1958 Mason Sones a Amurka ya gano cewa ana iya zuba ruwan rini a cikin jijiyar zuciya a ga hotonta ba tare da mutum ya mutu ba. Ran 16 ga Satumba, 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Andreas Grüntzig ya zura ɗan balan-balan a jijiyar wani majiyyaci, ya hura shi ya buɗe toshewar. Amma jijiyar da aka buɗe da balan-balan takan sake rufewa, wani lokaci ma nan take. Sai a 1986 Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan suka fara barin wata 'yar ragar ƙarfe a ciki don ta tokare bangon. Ita ce ake kira sitent, kuma aikinta aikin kwalbati ne a ƙarƙashin hanya. Daga 2002 aka fara sayar da irin wadda aka shafa wa magani mai hana tsoka sake tsirowa a cikinta, kuma ita ake amfani da ita a yau.

Ba a tsaga ƙirji wajen wannan aiki, ba a kuma sa mutum barci. Ana kashe zafin wuyan hannu ko matsematsi, a zura bututu har bakin jijiyar zuciya, a bi da wata waya mai kaurin gashin wutsiyar doki ta ratsa toshewar, sa'an nan a tura ragar a kan wayar tana naɗe jikin balan-balan. Idan aka hura, sai ragar ta buɗe ta manne da bango, a sace iskar a janye balan-balan.

A jijiya miƙaƙƙiya wannan aiki ne mai sauƙi ga wanda ya ƙware. A mararraba kuwa matsala uku ke tasowa. Ta farko, ragar bututu ce miƙaƙƙiya, ita kuwa mararraba ƙafa biyu gare ta, don haka idan aka shimfiɗa ragar daga kututture zuwa reshe ɗaya, tilas ta gitta bakin ɗayan kamar an sa masa taga mai ƙarafa. Ta biyu, hura ragar yakan ture tsinin tsakiya ya karkata zuwa bakin ƙaramin reshe ya matse shi, har ma ya rufe shi ɗungum. Ta uku, kututture ya fi 'ya'yansa faɗi. Wani masani Bafaranshe mai suna Gérard Finet ya nuna cewa faɗinsa kamar kashi biyu cikin uku ne na faɗin rassan biyu idan an haɗa. Misali, idan reshe ɗaya milimita 3.5 ne, ɗayan kuma 3, to kututturen zai kai wajen 4.4. Ragar da ta yi daidai da reshe za ta yi lilo a cikin kututture, wadda ta yi daidai da kututture kuma tana iya yaga reshe.

Domin likitoci su riƙa fahimtar juna, a 2006 wani likita ɗan ƙasar Sifen, Alfonso Medina, ya fito da wata hanyar lissafi mai sauƙi. Ana ba da lamba uku, ta kututture, da ta babban reshe, da ta ƙaramin reshe. Inda ya toshe a sa 1, inda yake lafiya a sa 0. Majiyyacin da ya ga an rubuta 1,1,1 a takardarsa, to wurare ukun duka sun kamu.

RAGA ƊAYA KO BIYU?

Dabarar da aka fi bi ita ce wadda za a iya kira a fara da ɗaya a gani. Likita zai sa waya a kowane reshe, ya shimfiɗa raga ɗaya daga kututture zuwa babban reshe, ya bar wayar ƙaramin reshen a maƙale a bayan ragar don ta zama alama idan bakin ya rufe. Sa'an nan ya kawo wani gajeren balan-balan mai faɗi ya hura shi a cikin kututture kaɗai, har ragar ta manne a nan ma. Likita Olivier Darremont na Faransa ne ya fito da wannan mataki, kuma yanzu ba a tsallake shi. Daga nan sai a duba. Idan jini na gudana sosai a ƙaramin reshe, an gama, a bar shi haka ko da bakinsa ya ɗan tsuke a hoto, gama masu iya magana sun ce garin neman gira akan rasa ido. Idan kuwa ya matse ƙwarai, sai a sake zura waya ta cikin idon ragar, a hura balan-balan biyu a lokaci guda, ɗaya a kowane reshe, kafaɗa da kafaɗa. Sai in wannan ya gaza, ko bangon reshen ya tsage, ake ƙara raga ta biyu, a kafa ta a bakin reshen kamar harafin T.

Gwaje-gwaje biyu ne suka kafa wannan dabara: wanda aka yi a ƙasashen arewacin Turai aka bayyana a 2006 a kan mutum 413, da wanda aka yi a Ingila aka bayyana a 2010 a kan mutum 500. Duka biyun sun nuna cewa sa raga biyu tun farko bai ƙara wa yawancin majiyyata komai ba, sai tsawon aiki da yawan rini da yawan hasken hoto.

Amma akwai mararrabar da ba ta jiran a gani. Idan ƙaramin reshen babba ne, faɗinsa ya kai milimita 2.5, toshewarsa ta yi tsanani, tsawonta kuma ya kai milimita 10, to rasa shi hasara ce babba, kuma gara a shirya raga biyu tun daga farko. A nan dabaru biyu suka yi fice.

Ta farko Bernard Chevalier na Faransa ya bayyana ta a 1998, ya sa mata sunan wando da harshensu. Ana shimfiɗa raga daga kututture zuwa reshe ɗaya, a huda gefenta, a shimfiɗa ta biyu daga kututturen zuwa ɗaya reshen. A sama ragogin biyu suna cikin juna kamar ƙugun wando, a ƙasa kowace ta bi ƙafarta. Ta fi dacewa idan rassan sun kusa zama daidai a faɗi.

Ta biyu ita ce dabarar dannewa, wadda Antonio Colombo na birnin Milan ya fito da ita a 2003, Chen Shao-liang na birnin Nanjin a ƙasar Sin kuma ya gyara ta a 2005. Ana fara sa raga a ƙaramin reshe a bar ɗan bakinta ya leƙo cikin kututture, sai a hura balan-balan a danne abin da ya leƙo ya kwanta jikin bango. A zura waya ta cikinsa a hura tagwayen balan-balan karo na farko. Sa'an nan a shimfiɗa babbar ragar, a faɗaɗa ta a kututture, a sake zura waya, a sake hura tagwayen karo na biyu. Wannan hurawa ta farko ita ce gyaran da Chen ya kawo, domin tana share ƙarafan da ke bakin reshe tun kafin a ɗora musu wasu. Aiki ne mai matakai da yawa, kuma kuskure a ɗaya yana ɓata sauran.

Wace ce ta fi a uwar jijiya ta hagu? A nan masana ba su gama daidaitawa ba. Gwajin da Chen ya jagoranta, wanda aka bayyana a 2017 a kan mutum 482, ya nuna cewa cikin shekara guda matsala ta sami kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dannewa, da kashi 10.7 na waɗanda aka fara musu da raga ɗaya. Gwajin Turai na 2021 a kan mutum 467 kuwa ya sami kashi 14.7 ga masu farawa da ɗaya, da kashi 17.7 ga masu raga biyu, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba, kuma kamar ɗaya cikin biyar kaɗai na rukunin farko suka bukaci raga ta biyu. Da aka duba sai aka ga toshewar majiyyatan Sin ta fi tsawo da tsanani. Darasin da aka ɗauka shi ne, siffar toshewar da ƙwarewar hannun likita su ke zaɓen dabara. An kuma tabbatar da amfanin leƙa cikin jijiyar da wata 'yar na'urar hoto da ake zurawa a kan waya: a gwajin da aka bayyana a 2023 a kan mutum 1,201, matsala cikin shekara biyu ta sauko daga kashi 14.1 zuwa 10.1 ga waɗanda aka yi musu aiki da ita.

Har ila yau, kada a manta da fiɗa. Tun 1967, lokacin da René Favaloro ɗan ƙasar Ajantina ya kafa aikin a Amurka, ana ɗebo jijiya daga ƙafa ko ƙirji a yi wa jini hanyar ratse ta tsallake toshewar, kamar yadda manoma ke haƙa sabuwar hanyar ruwa idan tsohuwar ta gagara. Ga mai ciwon sukari, ko wanda jijiyoyinsa uku duka suka kamu, fiɗa ta fi daɗewa tana amfani, kuma ba a cika komawa a sake aiki ba. Raga kuwa ta fi saurin warkewa. Ƙa'idar da ake bi ita ce likitan raga da likitan fiɗa su zauna tare su duba hoton kafin a yanke shawara.

ABIN DA YA SHAFI MUTUMIN JAJIMAJI

A shekarun 1970, lokacin da Farfesa Eldryd Parry yake koyar da aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, toshewar jijiyar zuciya abu ne da ba a cika gani ba a Arewa. Ciwon zuciyar da ya fi damun likitocin wancan zamani shi ne na hawan jini da na mata masu jego. Yau al'amari ya sake. Kamar ɗaya cikin uku na manyan mutanen Nijeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Wani bincike da Farfesa Simeon Isezuo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya jagoranta ya tattara bayanin mutum 1,072 da aka kwantar saboda wannan ciwo a asibitocin ƙasar nan tsakanin 2013 da 2018, kuma matsakaicin shekarunsu 59 ne, watau magidanta masu iyali a wuyansu.

Ɗakunan da ake wannan aiki a Nijeriya kaɗan ne, mafi yawansu a Legas da Abuja, kuma kuɗinsa miliyoyin naira ne. Ita kuwa tsokar zuciya, idan jini ya yanke mata, cikin rabin sa'a take fara mutuwa, bayan 'yan sa'o'i kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ƙa'idar likitoci ta duniya ta ce idan ba za a iya kai mutum ɗakin raga cikin minti 120 ba, kuma awon zuciya ya nuna jijiyar ta rufe gaba ɗaya, to a yi masa allurar narkar da gudan jini a inda yake, sa'an nan a wuce da shi. Daga Jajimaji ba wanda zai isa Abuja cikin minti 120. Ashe ke nan ran mutum ya rataya ne a kan asibitin kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin Gashuwa, da kuma saurin da iyalinsa suka yi.

Saboda haka ya kamata kowane gida ya san alamun. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhun gero, wanda ke tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, tare da gumi mai sanyi da ƙarancin numfashi. Idan yana zuwa ne lokacin noma ko tafiya ya lafa da hutawa, gargaɗi ne, a je a auna. Idan ya zo ana zaune ya wuce minti 15 bai lafa ba, a nemi mota nan take. Mutane da yawa sun rasa ransu suna shan maganin olsa da kanwa suna jiran gari ya waye. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari kuwa wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin, sai kasala da haki da tashin zuciya.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan yanki. Ciwon ƙoda ya yi yawa a Gashuwa da kewayenta har gwamnatin Jihar Yobe ta sa masana su binciki dalilinsa. Ruwan rinin da ake zubawa don ɗaukar hoton jijiya ta ƙoda yake fita, yana kuma iya raunana wadda ta riga ta gaji, aikin raga biyu kuwa ya fi cin rini. Lalle ne duk wanda ya fito daga wannan yanki ya gaya wa likita inda ya fito, ya nemi a auna ƙodarsa kafin aiki da bayansa.

Wanda aka ce za a sa masa raga yana da haƙƙin ya yi tambaya, kuma likitan kirki ba ya jin haushinta. Toshewar a mararraba take? Raga nawa ake nufin sawa, kuma don me? An nuna wa likitan fiɗa hoton? Za a leƙa cikin jijiyar da na'ura? Sau nawa likitan ya yi irin wannan aiki? Ya kuma karɓi takardar da ta faɗi irin ragar da faɗinta da wurin da aka sa ta, ya adana ta kamar takardar gona.

Bayan an dawo gida ne babban haɗari yake. Jini yana ɗaukar ragar a matsayin baƙuwa, yana neman daskarewa a kanta, musamman a mararraba inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe. Abin da ke hana wannan shi ne ƙwayoyi biyu, asfirin da wata irin su kilofidogirel, waɗanda ake sha tare kullum, galibi wata 6 ga wanda aka yi wa aiki cikin natsuwa, wata 12 ga wanda ciwon ya kayar, sa'an nan a ci gaba da ɗaya har iyakar rai. Mutumin da ya ji sauƙi ya ajiye su a wata na biyu don kuɗi sun ƙare, ragarsa tana iya rufewa cikin dare ɗaya, a uwar jijiya ta hagu kuwa ba a cika samun damar gyara ba. Don haka iyalin da ke tara kuɗin aiki su lissafa da kuɗin maganin shekara guda tun kafin su tashi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A sayi maganin a wurin da aka amince da shi. Mai azumi ya nemi likita ya daidaita masa lokacin sha tsakanin buɗa baki da sahur. Kada a je wurin wanzami a yi ƙaho, ko a cire haƙori, ko a sha magungunan ciwon jiki na kemis, sai da sanin likita, domin jinin mai shan waɗannan ƙwayoyi ba ya saurin tsayawa.

Manoman fadamar Nguru sun sani cewa yanke kacalla sau ɗaya ba ya hana ta dawowa muddin ruwan da ya haife ta yana nan kwance. Raga ma tana buɗe wuri ɗaya ne, ciwon kuwa yana cikin jijiyoyin duka. Wajibi ne a ci gaba da maganin hawan jini da na sukari da na kitse, a bar taba, a rage gishiri da dunƙulen miya.

Ga hukuma kuma, kafin a kai ga maganar gina ɗakin raga da horar da masu aiki a cikinsa, akwai abin da ba ya bukatar jira: na'urar awon zuciya mai aiki a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, da ma'aikacin da ya iya karanta takardarta ko ya aika hotonta ta waya ga wanda ya iya, da allurar narkar da jini a ajiye a Nguru da Gashuwa, da motar asibiti mai mai a cikinta. Na'urar awon hawan jini kuwa ya kamata a same ta a kowane ɗakin shan magani na ƙauye, a riƙa auna duk baligin da ya shigo ko da ciwon ƙafa ya kawo shi.

A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, filin nan zai duba dangantakar hawan jini da ciwon ƙoda. Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.